Launi Nawa Zai Ishi Dutsen Zuma?

Duk wanda ya taɓa kai aikin hatimi wajen masu sassaƙa roba na bakin kasuwa ya riga ya ga tushen sana'ar da zan yi magana a kanta, ko da bai san sunanta ba. Mai hatimi yakan ɗora guntun roba a gwiwarsa, ya zana haruffa a juye da biro, ya karya reza biyu. Kafin ya sa hannu sai ya miƙo maka robar ya ce, "Malam, duba da kyau, in na yanka ba gyara." Daga nan ya shiga ƙwaƙule duk inda ba ya son tawada ta taɓa. Abin da ya bari a tsaye shi ke ɗaukar tawada ya fito a takarda, inda ya ƙwaƙule kuwa fari zai kasance. To, a ƙara girman wannan roba ta kai allon karatu, a cire sunan kamfani a sa dutse da itatuwa da sararin sama, an shigo fagen da za mu kira bugun sassaƙa. Hoto ne da ake sassaƙawa a jikin katako ko lino (wata irin shimfiɗar tsakar ɗaki), a shafa masa tawada, a danna takarda a kai, a sami kwafi ashirin ko hamsin daga allo guda.

Hatimi launi ɗaya ya ishe shi. Ƙasa kuwa ba ta san wannan zance ba. Wanda ya tsaya a Madalla da hantsi ya ɗaga kai ya dubi Dutsen Zuma zai ga sama da nata launin, ga jikin dutse da ratsin baƙi da ya gangaro kamar an kwarara masa tawada, ga duhuwar itatuwa a gindinsa, ga jar ƙasa a gefen kwalta, ga rufin kwano yana ƙyalli. Mai fenti da buroshi ba ruwansa, launin da ya ga dama shi zai dangwalo. Amma mai sassaƙa, kowane launi sai ya biya kuɗinsa da sabuwar sassaƙa, da sabon bugu, da kwanakin jiran tawada ta bushe. Idan hoto mai launi biyar ake so, kwafi 30, sai an ɗora takarda an ɗaga sau 150, kuma kowace ɗorawa dole ta faɗa daidai a kan wadda ta gabace ta. Shi ya sa tambayar launi nawa za a sa, da waɗanne, da wanda zai riga wani, ta zama uwar tambayoyi ga duk mai son buga hoton ƙasa. Ra'ayina shi ne huɗu ko biyar sun ishi kowane dutse a Abuja, muddin mai aiki ya fara yanke shawarar wane lokaci na shekara yake bugawa.

Hanyoyi uku na ɗora launi

Hanya ta farko, wadda ta fi daɗewa, ita ce kowane launi da allonsa. Akan fara sassaƙa allo guda mai ɗauke da layukan hoton, wato jagoran sauran. A buga shi a takarda, tun tawadar ba ta bushe ba a kifa takardar a kan sauran alluna, kowanne ya kwashi hoton a wuri ɗaya. Sannan a sassaƙa wannan don sama, wancan don dutse, na uku don itatuwa. A Turai wannan ta bunƙasa a Jamus wajen 1508 a hannun su Hans Burgkmair, kuma a 1516 wani ɗan Italiya, Ugo da Carpi, ya nemi hukumar Venice ta ba shi kariya a kan dabarar, yana cewa tasa ce. Amfanin wannan hanya shi ne alluna suna nan daram. Bana ka buga, baɗi ka ɗauko ka sake, har ka canza launi. Wahalarta tsadar katako da yawan sassaƙa, sai kuma saiti, domin allo biyar ba sa son zama wuri ɗaya sai an tilasta musu.

Hanya ta biyu ita ce zaftarewa. Allo ɗaya ne tal. Ka ƙwaƙule inda zai zauna fari, ka buga launi mafi haske a dukkan takardunka. Ka wanke allon, ka ƙara ƙwaƙule duk inda kake son wannan launi ya tsira, ka buga na biyu a kai. Haka za ka yi ta cin allon har ya rage 'yan layukan baƙi. Pablo Picasso ne ya fitar da wannan hanya duniya ta sani, lokacin da yake aiki da wani mai ɗab'i, Hidalgo Arnéra, a garin Vallauris na Faransa daga 1959, ko da yake an riga shi yin ta. Ta fi araha, saitinta ya fi sauƙi tunda allon bai canza ba. Sai dai sassaƙa a nan zarar bunu ce. Abin da wuƙa ta ɗauke ya tafi, kuma yawan takardun da ka fara da su shi ke nan har abada, don ranar da ka gama babu sauran allon da za a koma wa.

Hanya ta uku ta wani ɗan Norwe ce, Edvard Munch, a ƙarshen shekarun 1890. Yakan sa zarto ya yanka allon gunduwa-gunduwa, ya shafa wa kowace gunduwa nata launin, ya harhaɗa su wuri ɗaya, ya buga sau ɗaya. Wannan ta dace da hoton ƙasa ƙwarai, domin ƙasa da ma hawa-hawa take: sama, tsaunuka, fili, sai abin da ke gabanka. Wani siririn farin layi yakan fito a inda gunduwoyi suka haɗu, masu aiki da yawa sukan bar shi a matsayin ado.

Akwai kuma wasu dabaru biyu da ke ƙara launi ba tare da ƙara allo ba. Ta farko, a sa launi biyu gefe da gefe a kan gilashi, a murza rola har su narke cikin juna a tsakiya, bugu ɗaya ya ba da sama mai shuɗi a bisa da fari-fari a ƙasa. Ta biyu, a tsinka tawada ta yi shara-shara yadda na ƙasa zai leƙo. Rawaya ta hau shuɗi ta haifi kore, ja ya hau rawaya ya haifi ruwan goro, ja ya hau shuɗi ya haifi shunayya, ukun suka taru suka ba da wani duhu mai kama da makuba. Allo uku ke nan, launi bakwai, farin takarda na takwas. Wanda ya gane wannan lissafi ya rage wa kansa rabin wahala.

Abin da mutanen Japan suka bar mana

Ba a zancen hoton ƙasa mai launuka a tsallake Japan. A 1765 ne Suzuki Harunobu da masu aiki tare da shi suka fito da bugu mai cikakkun launuka a birnin Edo, wato Tokyo ta yau. Abin da ya ba su nasara ba wani babban inji ba ne. Wasu 'yan tsagogi biyu ne da ake sassaƙawa a gefen kowane allo, ɗaya a kusurwa ɗaya a tsaye, da suke kira kento. Kusurwar takarda ta shiga wannan, gefenta ya jingina da wancan, ko allo goma ne launi ba zai kauce ba. Katakonsu na itacen ceri ne, tawadarsu ta ruwa ce da ɗan kunun shinkafa, abin dannawarsu wani ɗan faifai ne da ake murzawa da hannu. Sun kuma ƙware wajen shafa launi ya yi kauri a gefe ɗaya ya dusashe a ɗaya gefen, abin da suke kira bokashi, wanda da shi suke fitar da hazo da wayewar gari.

Wajen 1830 zuwa 1832 Katsushika Hokusai ya fitar da jerin hotunan Dutsen Fuji guda 36, da suka sami kasuwa aka ƙara goma suka zama 46. Dutse ɗaya ne, amma yau an hango shi daga teku, gobe daga gonar shayi, jibi ta cikin gangar da wani ke haɗawa. Ɗaya daga cikin mafi shahara, wanda dutsen ya yi ja da sassafe, ginshiƙinsa ja da kore da shuɗi ne, sai farin takarda da ya zama gajimare da ƙanƙara. Utagawa Hiroshige ya biyo baya da hotunan zangunan hanyar Tokaido a 1833 da 1834. Can a 1926 kuma Hiroshi Yoshida ya yi abin da ya fi shafar mu: ya sassaƙa jiragen ruwa masu filafilai sau ɗaya, ya buga alluna iri ɗaya da launuka daban-daban, aka sami safiya, da rana, da hazo, da dare.

Wani abin sha'awa, ɗan Japan ne, Kenzo Tange, ya tsara tsakiyar birnin Abuja, kuma doguwar hanyar da tsarin ya bi ta miƙe ne ta nufi Dutsen Aso, inda Majalisa da Kotun Ƙoli da Fadar Shugaban Ƙasa suke a gindinsa. Birnin da aka gina yana fuskantar dutse bai kamata ya rasa masu buga hoton duwatsunsa ba.

Abuja biyu ce

Matsalar mai koyo ita ce yakan buga abin da ya haddace tun firamare: sama shuɗiya, ganye kore, dutse ruwan toka. Wanda ya zauna a Abuja shekara guda ya san wannan hoto ba na kowane wata ba ne.

Akwai Abujar damina, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. A lokacin marka, tsaunukan Bwari da Ushafa da Katampe sukan yi kore shar, kore iri-iri: na sabuwar ciyawa mai ɗaukar ido, na masara, na mangwaro mai duhu. Dutse idan ya jiƙe yakan koma baƙi-baƙi yana sheƙi. Hadari ya haɗo daga gabas, sama ta yi kamar an tsoma ta a marina, sai rana ta ɓullo ta ƙasansa ta haska kubbar Masallacin Ƙasa ta yi kamar wuta. Komai a fili yake, gefen kowane abu a yanke. Wannan Abuja tana son launuka masu ƙarfi da sassaƙa mai kaifi, kuma kore biyu sun fi kore ɗaya amfani a cikinta.

Akwai kuma Abujar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. A nan shuɗi yakan yi ƙaura. Sama ta koma launin kunun kanwa, rana ta zama kamar faifan azurfa da ido ke iya kallo. Gamba ta bushe ta yi ruwan zuma, inda aka cinna wa daji wuta ya yi baƙin tabo. Dutsen da jiya kake ƙirga tsagoginsa, yau inuwa ce kawai, wata rana ma ya ɓace ɗungum. Wanda ya sa shuɗi mai ƙarfi a hoton Janairu ya yi wa garin ƙazafi. Launukan hunturu duk 'yan uwan juna ne, tazararsu kaɗan ce, kuma sukan buƙaci a zuba musu farar tawada ko a tsinka su sosai.

A kowace Abuja ƙa'idar nisa ɗaya ce. Abin da ke nesa ya fi haske, ya fi dusashewa, bayaninsa kaɗan. Abin da ke kusa ya fi duhu, ya fi ɗumi, ya fi tsaga-tsaga. Wannan ƙa'ida ta yi daidai da yadda tawada ke so, domin duhu yana rufe haske cikin sauƙi, haske kuwa da ƙyar yake rufe duhu. Saboda haka mai bugu yakan fara da sama, ya taho tsaunuka, ya sauko fili, ya ƙare da kututturen da ke gabansa. Tafiya ce daga nesa zuwa kusa, kamar matafiyin da ke dawowa gida.

Mu buga Zuma a hunturu

A ɗauka mun zaɓi zaftarewa, allonmu lino mai faɗin littafin rajista, takardu 20. Lino kakan ledar tsakar ɗaki ne. Wani Bature ɗan Ingila, Frederick Walton, ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1860 da man 'ya'yan wani tsiro da garin ɓawon itace a kan algarara. Ba shi da jijiya irin ta katako, wuƙa tana bin duk inda aka nufa. Da sanyin safiyar hunturu yakan taurare, sai a ajiye shi a rana na ɗan lokaci ya yi laushi.

Abu na farko shi ne juya hoton. Abin da ke dama a allo hagu zai fito a takarda. Itace ko gajimare ba wanda zai kama ka, amma Zuma yana da fuska da kafaɗa, kuma a 1999 aka sa shi a bayan takardar naira 100, yaro ma ya san shi. Ka manta ka juya, kowane direban Suleja zai gane. Sai a manna kwali mai kusurwa a kan tebur, wanda allo da takarda za su riƙa jingina da shi, a yi wa bayan kowace takarda alamar sama.

Sassaƙar farko kaɗan ce: faifan rana da ƙyallin rufin kwano biyu ko uku. A murza launin kunun kanwa a gilashi har rola ta riƙa wani ɗan sauti siriri, shi ne alamar tawada ba ta yi yawa ba. A shafa, a ɗora takarda, a bi bayanta da bayan cokalin katako ana murzawa, a ɗaga kusurwa a leƙa, a ci gaba. Sau 20. A rataye su a igiya a ɗakin da aka rufe tagoginsa, don ƙurar da ta ba mu hoton ita ce kuma abokiyar gabar ɗanyar tawada.

Bayan kwana ɗaya ko biyu a ƙwaƙule sama gaba ɗaya. Launi na biyu toka ce mai ɗan ratsin shunayya, ta hau dutse da duk abin da ke ƙasansa. Nan take Zuma zai tashi tsaye, ko da babu layi ko ɗaya a jikinsa. A zagaye na uku a zaftare yawancin dutsen, a bar ratsin da ya gangaro da ramukan fuskar, a buga ruwan ƙasa mai haske, wanda zai zama kuma busasshiyar ciyawa. Na huɗu jar marmara ce ta gefen hanya da bangon gidaje, tare da inuwar itatuwa. Na biyar kuma na ƙarshe makuba mai duhu, ba baƙi ƙirin ba, domin a hazo babu baƙi na gaske. Ita za ta ɗauki kututturen ɗorawa, da turakun lantarki, da 'yan layukan da ke riƙe hoton.

A hanya za a yi asara. Wata takarda ta zame, wata an ɗora ta a kife, wata yatsa ya taɓa. Wanda ya fara da 20 ya tsira da 14 bai yi abin kunya ba. Sai ya sa fensir a ƙasan kowanne ya rubuta 1/14, 2/14, har ƙarshe, ya sa hannu. Allon kuwa ya zama kufai.

Yawa ko kaɗan

Masu son launi da yawa suna da hujja. Suna cewa ƙasa ba ta da iyaka tsakanin launi da launi, haske narkewa yake, kuma sai da hawa goma ko goma sha biyar ake samun zurfin da ido ke gani. Shi kansa Yoshida wasu hotunansa sun hau allo sau gommai. Suna cewa kuma mai saye a Abuja, wanda zai rataye hoto a ofis ko otal, abin da ya cika ido yake nema.

Duk da haka ina ganin kaɗan ya fi, saboda dalilai uku. Na farko, tawadar mai idan ta hau kan 'yar uwarta sau da yawa takan yi kauri, ta yi ƙyalli kamar leda, ta daɗe ba ta bushe ba, launuka su dagule. Na biyu, kowane ƙarin bugu ƙarin ƙofa ce ta kuskure. Na uku shi ne babba. Idan burin shi ne a kwaikwayi duk abin da ido ya gani, wayar da ke aljihu ta riga ta gama wannan aiki, injin buga kalanda ma da tawada huɗu yake fitar da kowane launi ta hanyar ɗige-ɗige. Abin da sassaƙa ke da shi wanda waya ba ta da shi shi ne zaɓe. Mutum ya zauna ya ce duk wannan tsauni launi ɗaya zan ba shi, wannan fili zan bar shi fari, ya kuma bar sawun wuƙarsa a gani. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ko ɗan kaucewar launi ba kullum ne aibi ba. A ɗauko tsohuwar atamfar Holan ko Ingila daga akwatin Hajiya a duba. Bayan an rina zanen farko, da hannu ake ɗora sauran launuka da alluna, shi ya sa za ka ga rawaya ta ɗan zarce layi, ja bai cika gurbinsa ba. Iyayenmu mata ba su taɓa ganin wannan a matsayin lahani ba, da shi ma wasu ke gane ta ƙwarai.

Inda yawan allo ke da riba ta gaskiya shi ne darasin Yoshida. Wanda ya daure ya sassaƙa Dutsen Aso ko madatsar ruwan Usuma a allo huɗu daban-daban, ya mallaki hoto biyu ko uku. Ya buga da kore da shuɗi a Agusta, ya wanke ya buga da toka da ruwan zuma a Janairu, ya jera su gefe da gefe. Ban ga hanyar da ta fi wannan nuna halin ƙasarmu ba.

Gadon da ke Zariya

Wannan fanni ba baƙo ba ne a Arewa. A 1955 sashen koyar da zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ya ƙaura zuwa Zariya daga Ibadan. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, da niyyar haɗa dabarun da Turawa ke koya musu da abin da suka gada a gida. Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932 a Agbarha-Otor ta jihar Delta ta yanzu, shi ya zama babban mai bugun hoto na Nijeriya. Ya yi aiki da lino da katako, ya ƙaru da tarukan horon da wani ɗan Holan, Ru van Rossem, ya jagoranta a Ibadan da Oshogbo a 1963 da 1964. Da ya ga tsofaffin allunansa na lino sun yi kyau da kansu, sai ya riƙa shafa musu ruwan tagulla yana mai da su abin ratayewa. A shekarun 1980 ya yi wani dogon jerin ayyuka a kan mutanen Sahel da barazanar kwararowar hamada. Tun 1998 yake tara masu zane a garinsu duk shekara don horo, taron da ya raɗa wa sunan hunturu. Shi ne kuma ya yi zane-zanen wani littafin Cyprian Ekwensi na 1962, marubucin da cibiyar al'adu ta Area 10 a Garki ke ɗauke da sunansa.

Akwai kuma Solomon Wangboje, wanda shi ma ya yi karatu a Zariya, ya koyar a Ife da Zariya da Benin kafin rasuwarsa a 1998. An san shi da bugun lino mai launuka, da hotunan masu ɗaukar kaya a ka, inda yakan shimfiɗa launi a baya ya ɗora baƙin siffa a gaba.

Hannun da za su karɓi wannan aiki suna nan. Mai sassaƙa ƙwarya, da badukun da ke buga ado a fata, da mai zayyanar allo, da magini mai zanen bango, duk sun san yadda ake raba fili da layi. A ƙasar Abuja kanta, Ladi Kwali, wadda a 1954 ta shiga cibiyar tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, da tsaga layi a jikin yumɓu ta yi sunan da ya kai ta kan naira 20. Ga wanda ke da damuwa a kan hukuncin zana mai rai, malamai sun yi sauƙi a kan itace da dutse da ruwa, don haka hoton ƙasa fage ne da kowa zai shiga da natsuwa.

Abin da ya rage mana

Cikas ɗin a bayyane suke. Lino na masu zane da takarda mai kyau daga waje ake kawo su, farashinsu na bin dala. Amma filawud mai santsi yana nan a kasuwannin katako na Dei-Dei da Kugbo, tawadar masu ɗab'i tana aiki idan aka tsinka ta, maƙeri zai iya ƙera wuƙaƙen, cokali kuwa kowane gida akwai. Yanayi ma sai an lallaɓa shi. A hunturu tawadar ruwa takan bushe a kan gilashi kafin a gama shafawa, a damina takarda takan sha danshi ta ɗan buɗe, saiti ya lalace, shi ya sa ake son a gama hoto a cikin yanayin da aka fara shi. Babban cikas shi ne fahimtar masu saye. Da yawa suna jin an ce kwafi 14 sai su ɗauka hoton inji ne, alhali kowanne da hannu aka shafa, da hannu aka murza. Gidajen baje zane irin su Thought Pyramid da Nike, da Hukumar Adana Zane-zane ta Ƙasa da aka kafa a 1993, su ne ya kamata su wayar da kai a kan wannan. Rahusar bugu ita ce ƙarfinsa: malamin makaranta da ba zai iya sayen zanen fenti ba zai iya sayen ɗaya daga cikin goma sha huɗu.

Akwai kuma dalilin gaggawa. Tun da aka yi dokar kafa birnin a 1976, aka tare a ranar 12 ga Disamba 1991, Abuja kanta zaftarewa ake yi mata. Duwatsun Mpape an fasa su an gina gari da tsakuwarsu, wani ramin ma ya cika da ruwa ya zama wurin shaƙatawa. Tudun da bara yake da gonar doya da rumbunan Gbagyi, bana rukunin gidaje ne. Kamar allon lino, inda aka yanka ba ya komawa. Bambancin kawai shi ne mai bugu yakan ɗauki hoton kowane mataki kafin ya ƙara sa wuƙa.

Saboda haka kirana ga malaman zane na makarantun sakandare da kwalejoji a Zuba da Gwagwalada da Bwari da Kuje shi ne su fitar da yara waje su kalli tsaunin da ke bayan ajinsu, su tambaye su launi nawa suka gani, sannan su ce a rage su zuwa huɗu. Cibiyoyin al'adu na birnin su ware ɗaki ɗaya da tebur da injin dannawa guda da kowa zai iya haya. Kai kuma mai karatu da hannunka ke ƙaiƙayi, nemi guntun filawud, da wuƙa, da tawada uku, ka zaɓi dutsen unguwarku ka fara da shi kafin masu fasa dutse su riga ka.